Ranar da Daeng Nompo Ya Shayar da Inji Madarar Kwakwa

Ƙanena Daeng Nompo (Daeng laƙabin girmamawa ne a wajenmu) bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba, kuma bai taɓa barin rabin da ya ji ya kwana a cikinsa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi, don haka kada wani ya ce sharri nake masa.

Yana da jirgin katako da yake jigilar kaya da mutane tsakanin tsibirinmu da birnin Makassar. A goshin jirgin ya sa an rubuta "Farin Gajimare" da fenti, amma duk tsibirin ba mai kiransa da wani suna sai Murhu. In aka tayar da injin nan, mata kan ruga su kwashe shanya, masu busar da kifi su bi shi da addu'ar da ba ta alheri ba. Jirgi ɗaya ne ya fi shi hayaƙi a duk yankin, wato tsohon jirgin dakon duwatsu na Alhaji Ganing. Su biyun sun yi shekaru suna gaba, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke ɓata wa gari iska.

To sai ga auren ɗansa Sampara ya taso. Yaron kirki, shiru-shiru, ya ɗauko uwarsa. Kasma yake so, 'yar Hajiya Saribanong ta tsibirin Sarappo. Hajiya kuwa ba son auren take ba, tana da ɗan ƙanenta ma'aikacin kwastan mai fararen kaya da ta ajiye wa 'yarta. Da ta ga yarinya ta kafe sai ta yarda, amma ta gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko ba nata ba ne, na kowa ne: ana ɗaura aure rana na hawa, don arziki ya hau. In ango ya bari rana ta take bai iso ba, sai a jira wata rana mai sa'a, mai duba ranaku kuwa ya ce babu wata sai bayan damina. Kowa ya san kafin damina ta wuce Hajiya ta gama aurar da 'yarta ga ɗan kwastan. Na biyun nata ne na kanta.

"Kada a kawo mini ango a cikin Murhu," in ji ta. "Bara da ya kawo siminti sai da na sake labulen gidana kaf."

Muka ce a ɗauko hayar jirgi daga birni. Nompo ya ce ɗansa ba zai shiga gidan surukai a jirgin aro ba yana raye.

Ana nan sai wata rana ya kai ayaba da kaji wani ƙaton jirgin waje da ya jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a gaban Makassar. Ya dawo yana tafiya kamar an naɗa shi sarautar teku. Bai je gida ba, ya zarce rumfar kofi, inda na tarar da shi maza sun kewaye shi.

"Asirin manyan jiragen nan na gano," ya ce. "Ruwa suke zuba wa mai."

Alhaji Ganing ya kurɓi kofi. "Mai sayar mana da dizal ya daɗe yana haka, ba wanda ya kira shi injiniya."

"Ka ji jahilci. Ba zubawa kawai ake yi ba, Alhaji, kaɗawa ake yi har su zama abu guda, fari fat kamar madara. Injiniyan jirgin da kansa ya ɗebo a kofi ya nuna mini. In ya shiga wuta sai ɗigon ruwan ya fashe, man ya tarwatse ya ƙone tas, zafi ya sauka, mugun hayaƙin ya ragu."

"Da wane yare kuka yi duk wannan hirar?"

"Injiniya da injiniya ba sa bukatar yare."

Daga baya matarsa Daeng Bollo ta faɗa mini cewa mutumin ya ci gaba da bayani, yana nuna wata na'ura mai girman ɗaki da wasu jarkokin magani da ake haɗawa. Sai dai a daidai lokacin wata kaza ta kwance, Nompo ya bi ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi, kuma a wuyanmu ya rataya shi.

Washegari ya zuba dizal da ruwa a bokiti ya kama kaɗawa da sanda. Ya kaɗa har gumi ya jiƙa masa zani. Da ya tsaya, mai ya hau sama, ruwa ya kwanta ƙasa, kowa ya koma gidan ubansa. Ya ɗauko injin markaɗen Daeng Bollo. Abin ya yi fari na ɗan lokaci, kafin ya kira maƙwabta su gani ya rabu. Har yau in ta markaɗa barkono a injin nan sai ka ji kamar ka lashi ƙasan jirgi.

Ya zauna a ƙofar kicin ya yi tagumi. Ni da Daeng Bollo muna ciki, ta goge kwakwa ta zuba ruwan ɗumi tana matsewa, madara na tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Sai na ga idonsa ya tsaya a kan kwanon. Na san wannan kallon tun yana rarrafe.

"Uwar Sampara, mene ne a cikin kwakwa?"

"Kwakwa."

"Mai ne. Me kika zuba mata?"

"Ruwa. Matsa ka ba ni haske."

"Mai da ruwa, ga su fari fat, ba wanda ya guji wani." Ya miƙe tsaye. "Shekara da shekaru matar nan tana injiniyanci a gidana ba ta sani ba. Yaya, kin gane? Mai da ruwa ba sa aure sai da waliyyi. Madarar kwakwa ce waliyyin."

Na ce, "Ajiye mata kwanonta, miyar rana ce."

Ina! Ya riga ya fita da shi.

Abin haushin shi ne gwajin farko bai kunyata shi ba. Ya ɗan tsiyaya haɗin a tanki, akwai sauran man kirki a ciki, injin ya tashi ya yi 'yan mintoci yana fitar da farin tururi mai ƙanshin soyayyar kwakwa. Kyanwoyin tsibirin suka yi layi a kan gadar katako. Wata tsohuwa ta zo da kwano tana tambaya gidan wa ake suna. Nompo ya kashe injin tun kafin ya ba shi kunya, ya hau rufin jirgi ya yi jawabi. Ya ce nan gaba daga Jakarta, babban birnin ƙasarmu, za a riƙa aiko masa injiniyoyi su koyi aiki, zai kuma karɓe su kyauta saboda shi ba mai rowar ilimi ba ne. Ya ce ko Alhaji Ganing in ya zo da ladabi zai koya masa.

"In ya dahu ka aiko mini da shinkafa," in ji Alhaji Ganing, ya wuce.

Daga nan ba wanda ya ƙara iya tare shi. Ya yi wa jirgi farin fenti. Ya ɗinka masa farar rumfa. Ya buga wa Hajiya Saribanong waya ya ce Murhu ya mutu, Farin Gajimare ne zai zo, ta rataya labulenta mafi tsada. Ya bi gida-gida yana gaya wa 'yan rakiyar ango kowa ya sa kaya mai haske, wanda ya sa baƙi ya zage shi.

Ana gobe ɗaurin aure na same shi a bayan gida da duro guda, ya kwashe kwakwar da aka tara don walima, ya sa an goge an matse, yana tuƙa madarar da dizal.

"Nompo, madarar kwakwa ba ta kwana," na ce. "Ta safe ma da yamma ta yi tsami."

"Ko a kan wuta in ka daina juyawa tsinkewa take," in ji Daeng Bollo.

"Wannan a tukunya ke nan. Ku kun san kicin, ni na san inji. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ka dai bar man kirki a ƙaramin tanki," na ce, "ko don darajar yaron nan."

Ya yarda, amma ba don maganata ba. Wai yana so ya sauya mai a tsakiyar teku a gaban shaidu, kowa ya ga bambanci da idonsa.

Da safe muka shiga jirgi. Mu mata mun sha rigunan biki shara-shara, masu ruwan hoda da ruwan ƙwai, da zannuwan alharini, kowacce riƙe da tiren waina mai murfi. Sampara na zaune a tsakiya cikin farar riga mai zaren zinariya, sai duban sama yake yana duban ƙasa. Duron Nompo na ɗaure a gefen inji, an ja tiyo daga gindinsa. Wani wari na tashi da ban so ba, amma na ja bakina.

Murhu ya tafi da hayaƙinsa na gado har muka hango itatuwan kwakwar Sarappo, muna jin gangunan gidan amarya sama-sama. Da lokaci a hannunmu sosai. Sai Nompo ya tafa hannu.

"Jama'a, ku dubi baƙin hayaƙin nan da kyau, ku yi masa ban kwana. Jikokinku za su tambaye ku ko kuna cikin jirgin."

Ya rufe famfon ƙaramin tanki, ya buɗe na duro.

Injin ya yi tari. Ya sake yin tari, irin na tsohon da ya shaƙe da ƙayar kifi. Nompo ya ce yana sabawa ne. Na ajiye tirena na ɗaga murfin duron, wari ya buge ni har sai da na ja da baya. Dizal a sama, a tsakiya wani abu curi-curi kamar awarar da ta lalace, a ƙasa kuma tsamin ruwa zalla. Tiyon kuwa daga ƙasa yake sha.

"Waliyyinka ya raba auren," na ce.

"A kaɗa. Kaɗawa kawai yake so. Sampara, ɗauko filafili."

Haka ango ya tashi da farar rigarsa ya kama tuƙa duro. Matan da suka ga abu ya shigo fanninsu sai kowacce ta buɗe baki.

"Gefe guda za ka riƙa juyawa, kada ka koma baya."

"Daga ƙasa, ɗana, kada ta kama."

"Daeng Nompo, ka sa gishiri kuwa? Ba ta zama in ba gishiri."

Injin ya yi wata ƙara, ya fesar da guntun awarar nan ta salansa, ta sauka a kan farar rumfa da kan limaminmu, sannan ya yi shiru. Shirun da ban taɓa ji a cikin Murhu ba. Har muna jin ruwa na lasar katako.

Nompo ya cire tiyo ya zuƙa don ya buɗe hanya. Hanyar ta buɗe, a bakinsa. Ya tofar ya ce ɗanɗanon ya nuna haɗin daidai yake, injin ne ɗan ƙauye bai saba da abinci mai kyau ba. Ya mayar da famfon man kirki, ya kama hannun tayar da inji ya juya, ya juya, ƙarfen ya dawo ya make shi a gwiwa. Ya ce a kwance rumfa a ɗaura ta a sandar jirgi iska ta tura mu. Iska ta tura mu, amma baya. Ya ce mata su yi tuƙi da murafen tire. Muka yi, Allah ya gani, manyan mata da jikoki muna ɗibar teku da murfin waina, jirgi na juyawa a wuri ɗaya.

Inuwar sandar jirgi kuwa sai gajarta take.

Wayar Nompo ta yi ƙara, ya miƙa mini ya ce shi yana aiki. Hajiya Saribanong ce, muryarta da daɗi kamar an ba ta kyauta, ta kira sunana.

"Daeng Ngai, muna hango wani farin jirgi yana rawa a tsakiyar ruwa. Naku ne? Kada ku gaggauta, ku zo a hankali. Ɗan ƙanena ma ya iso, don taya murna kawai."

Sampara ya ji. Ya ajiye filafili, rigarsa ta yi dabbare-dabbare da mai.

"Baba, ban taɓa ce maka a'a ba," ya ce. "In rana ta take ban isa ba, na rasa Kasma. Kai gobe za ka sami wata dabarar, ni ba ni da wata."

Tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko, haushin ubansa kuma ya sa na ji kamar in tura shi cikin duron. Nompo ya koma kan injinsa. Yaron ya fara tuɓe takalmi wai zai yi iyo.

Sai muka hango wani baƙin dutse na tahowa a kan ruwa. Hayaƙin Alhaji Ganing ne, jirgin na wani wuri a ƙarƙashinsa.

"Kada wanda ya ɗaga masa hannu," in ji Nompo. "Gara mu kwana nan."

Na hau kan akwatin kayan lefe na riƙa kaɗa murfin tire da hannu biyu.

Alhaji Ganing ya matso, ya jingina da sitiyari, ya shaƙi iska.

"Sannunku da girki. An sauke ne?"

"Hutawa muke," in ji Nompo. "Injin na hucewa."

"To a huta lafiya."

"Alhaji," na ce, "rabu da shi, ka dubi yaron nan ka dubi rana."

Ya dubi Sampara, ya dubi sama, bai ƙara wasa ba ya jefo igiya. Igiyar gajera ce, ita kaɗai gare shi. Iska kuma daga gaba take. Da ya taka injin nan, duk abin da jirginsa ya tara a ciki tun zamanin kakanni ya zubo mana a fuska. Ba mai ganin na kusa da shi. Sai tari, sai salati, sai muryar Nompo a cikin duhu yana cewa ku gani, wannan shi ne irin hayaƙin da nake yaƙi da shi.

Da muka isa gadar Sarappo masu ganga suka tsaya da kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Muka fito a jere, baƙi ƙirin tun daga ɗankwali har takalmi, ido da haƙora kawai ke haske. Wainar ma ta yi baƙi. Hajiya Saribanong na tsaye cikin gwala-gwalai, ɗan ƙanenta na bayanta da fararen kayansa.

"Wanne ne angon a cikinku?" ta ce.

Daga tagar gidan, can sama, aka ji dariyar yarinya. "Ga shi can, Inna, mara takalmi."

"Ba shi da amfani. Rana ta take, lokaci ya wuce. Allah bai yi ba."

Limamin Sarappo, wani tsoho mai raha, ya tako da sandarsa ya kafa ta a kan gada don ya duba inuwa, yadda ake yi. Babu inuwa. Ya ɗaga kai, babu rana. Alhaji Ganing bai kashe injinsa ba, don in ya kashe ba ya tashi sai an yi masa kwana guda ana lallashi, hayaƙin ya taru ya zauna a kan gada da gidan Hajiya kamar murfin tukunya.

"Hajiya, nuna mini ranar," in ji liman.

"Tana sama mana, Malam."

"Ni ban ga ta take ba. Ban ma gan ta ba sam."

Ɗan kwastan ya miƙo hannu yana nuna agogo. Liman ya ce kakanninmu da inuwa suka bar mana al'adar nan, ba da agogo ba, in kuma yana da wani kakan daban to ya kawo shi. Iska ta fara motsi, gefen hayaƙin ya soma yin shara-shara. Na juya na yi wa Alhaji Ganing ido. Bawan Allah ya taka injin har sai da gada ta girgiza, fararen kayan ɗan kwastan suka zama irin namu, labulen Hajiya mafi tsada ya bi sahu.

A cikin wannan duhun aka hau gida aka ɗaura aure. Sampara ya amsa da tari biyu a tsakani, shaidu suka ce ya yi. Da Kasma ta fito ya taɓa mata goshi bisa al'ada, ya bar mata shaidar babban yatsa baƙa, ta hana a goge.

Kafin a gama shafa fatiha Nompo ya farfaɗo. Na same shi a tsakar gida ya tara mutanen Sarappo.

"Duk cikin lissafi ne," yana cewa. "Da na iso da farin hayaƙi, da me za mu rufe ranar? Shi ya sa na ajiye Alhaji Ganing a baya. Injiniya yakan yi shiri biyu."

Hajiya Saribanong ta saurare shi har ya gama, abin da shi bai taɓa yi wa kowa ba. Sannan ta aika aka ba mu kayan aro muka sauya, ta sa aka tara rigunanmu da zannuwanmu da labulenta da kayan ɗan ƙanenta tuli guda a ƙarshen gada, aka jera bahuna.

"Suruki," ta ce, "an ce kai ka gano ruwa na maganin hayaƙi. Ga ruwa, ga hayaƙi."

Muna cin shinkafa da gasasshen kifi, ganguna sun dawo, shi yana can a tsugune yana cuɗa, yaran Sarappo da kyanwoyinsu na kallo. Can la'asar zuciyata ta yi sanyi, ɗan'uwa dai ɗan'uwa ne, na zuba abinci na kai masa. Na tarar ya daina wanki. Ya riƙe rigar ango a hannu ɗaya, sabulu a ɗaya, ya ƙura wa bahon ido, ruwan ya yi fari da kumfa, ba ko ɗigon mai a samansa. Kallon nan ne dai.

"Yaya," ya ce a hankali, "kin lura sabulu na haɗa mai da ruwa?"

Na ajiye kwanon, na fizge sabulun daga hannunsa, na ce ya ƙarasa da ruwa zalla.